Na fito fili na goyi bayan abokiyar aikina a takarar sherif: ga abin da hakan ke nufi a Amurka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba.

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon a kan abu guda ne. Wasu sun ga na fito na ce ina goyon bayan wata abokiyar aikina da ta tsaya takarar sherif a gundumarmu, a nan jihar North Carolina, suka ce: Malam, kai da kake jami'in tsaro, ina ruwanka da siyasa? Wani ma cewa ya yi, wai dama zaɓen ɗan sanda ake yi? To yau a nan za mu tsaya. Ba zan ambaci sunanta ko sunan gundumar ba, domin shirin nan ba dandalin kamfe ba ne, kuma yawancinku ba ku da ƙuri'a a can. Zan riƙa ce mata Laftanar, muƙamin da ta ajiye aiki a kansa ke nan.

Mu fara da kalmar kanta. Sherif ɗin nan ba shi da alaƙa da Sharifai namu na gida, kar wani ya ce na koma yi wa jikokin Manzo kamfe. Kalma ce da ta samo asali daga tsohuwar Ingila, inda sarki ke naɗa wakilinsa a kowane yanki ya tara haraji ya kuma kula da zaman lafiya. Turawan da suka zo Amurka suka taho da muƙamin, sai daga baya aka mayar da shi na zaɓe. Yau akwai sherif sama da 3,000 a ƙasar, kuma kusan dukkansu jama'a ne ke zaɓen su, yawanci na wa'adin shekara huɗu. Akwai 'yan wuraren da suka fita daban: Alaska ba ta da su, Connecticut ta soke na gundumominta a 2000, a Hawaii da Rhode Island kuma naɗa su ake yi. Mu a North Carolina gunduma 100 gare mu, sherif 100.

Wanda ya taso a Najeriya dole abin ya ba shi mamaki. A can rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, haka sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Daga Abuja ake turo kwamishina, kwamishina ya turo DPO, kuma ba wanda ya tambaye ka ko kana son sa. In ya yi ba daidai ba, iyakarka ka kai ƙara sama ka jira a canza shi. To a nan ka ɗauka DPO ɗin ƙaramar hukumarku shi ne kuma shugaban gidan yarin garin, shi ne shugaban masu tsaron kotu, sannan ba sufeto janar a samansa, a jiharmu gwamna ma bai isa ya kore shi ba. Wannan shi ne sherif.

Ku bambanta shi da shugaban 'yan sandan birni. Shi wancan ma'aikaci ne, magajin gari ko manajan birni ke ɗaukar sa, kuma gobe da safe za a iya cewa ya tattara kayansa. Sherif kuwa majalisar gunduma ce ke yanka masa kasafin kuɗi, amma ba ta da ikon sallamar sa. A jiharmu alƙalin babbar kotu na iya tsige shi idan an shigar da ƙara an tabbatar da laifi irin su cin hanci ko sakaci da aiki da gangan, sai dai abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ku ji abin da ya faru a gundumar Columbus a 2022. An fitar da wata murya ta sherif Jody Greene yana zagin ma'aikatansa baƙaƙen fata. Alƙali ya dakatar da shi, ya yi murabus a watan Oktoba, aka yi zaɓe a Nuwamba, jama'a suka sake zaɓen sa. Sai da aka sake komawa kotu kafin ya ƙara ajiye muƙamin a Janairun 2023. Kun ga ke nan birkin da ke kan wannan kujera ƙuri'a ce, kuma birkin ma wani lokaci ba ya kamawa.

Me yake yi a kullum? Sintiri a ƙauyuka da unguwannin da ba su cikin iyakar birni, wannan shi ne abin da kuke gani a fim. Amma akwai ayyukan da kyamara ba ta zuwa. Idan kotu ta ce a fitar da ɗan haya daga gida, mu ne ke zuwa mu tsaya a canza makulli. Mu ke kai sammaci. Mu ke ɗaukar mai taɓin hankali zuwa asibiti idan an ba da umarni. A jiharmu ofishin sherif ne ke ba da izinin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye. Sai babban cikinsu, wato kurkukun gunduma.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin a nan na fara aiki, kuma a nan na san Laftanar. Kurkukun gunduma daban yake da gidan yarin jiha. Na jiha na waɗanda aka yanke wa hukunci mai tsawo ne. Na gunduma kuwa yawancin mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna, da yawa kuɗin beli ne kawai ya gagare su. A kowace rana akwai mutum sama da 600,000 a irin waɗannan kurkuku a faɗin Amurka, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba a yanke musu hukunci ba. Abincinsu, maganinsu, wayar da za su yi wa iyalansu, wanda zai leƙa su da tsakar dare ya ga ko suna numfashi, duk a hannun mutum ɗaya yake.

Idan kuna son sanin yadda abin ke lalacewa, ku dubi Alabama. Sun daɗe da wata tsohuwar doka da ta bar sherif ya riƙe rarar kuɗin abincin fursunoni a matsayin nasa. A 2009 wani alƙalin tarayya ya sa aka kulle sherif ɗin gundumar Morgan, Greg Bartlett, ya kwana a tsare saboda yadda yake barin fursunoni da yunwa. A 2018 aka bankaɗo cewa na gundumar Etowah, Todd Entrekin, ya kwashi sama da dala 750,000 daga wannan asusu cikin shekara uku. Ya faɗi zaɓen fid da gwani a shekarar, daga baya jihar ta gyara dokar. Ko kuma Joe Arpaio na gundumar Maricopa a Arizona, wanda ya hau kujera a 1993, ya riƙa tsare mutane a cikin tantuna a zafin hamada, aka yi ta zaɓen sa har sai 2016 da ya faɗi. A 2017 kotu ta same shi da laifin raina umarninta, Shugaba Trump ya yi masa afuwa. Shekara 24 jama'a na sabunta masa wa'adi.

Ga mu baƙi kuma akwai wani ƙarin dalili. Akwai wata yarjejeniya da ake kira 287(g), wadda ta samo asali daga dokar shige da fice ta 1996. A ƙarƙashinta sherif na iya sa hannu da hukumar ICE, a horar da ma'aikatansa su riƙa tantance takardun zaman waɗanda aka kawo kurkuku. Wato ɗan'uwanka da aka kama kan ƙaramin laifin tuƙi na iya ƙarewa a jirgin komawa gida. A 2018 Garry McFadden ya ci zaɓe a gundumar Mecklenburg, inda birnin Charlotte yake, da alkawarin soke yarjejeniyar, kuma yana hawa a Disamba ya soke ta. Majalisar jiha ba ta ji daɗi ba. A Nuwamban 2024 ta zartar da doka, bayan ta tsallake ƙin amincewar gwamna Roy Cooper, wadda ta tilasta wa kowane sherif ba ICE haɗin kai a kan wasu rukunin waɗanda ake tsare da su. Don haka duk ɗan takarar da ya zo masallacinku ya ce shi ba ruwansa da ICE kwata-kwata, ku tambaye shi yadda zai yi da wannan doka. Laftanar dai ba ta yi wannan alkawari ba, kuma yana cikin abin da ya sa na yarda da ita.

Yanzu ga abin da zai ba ku mamaki. Kujera mai wannan nauyi, a jiharmu sharuɗɗan hawanta kaɗan ne: ka kai shekara 21, kana cikin masu ƙuri'a a gundumar, kuma ba a taɓa samun ka da babban laifi ba. Shi ma wannan na ƙarshen sai a 2010 aka shigar da shi tsarin mulkin jiha. Ba a ce sai ka taɓa aikin ɗan sanda ko na kwana ɗaya ba. Mai sayar da motoci na iya tsayawa, in ya iya magana ya ci.

To mai ƙuri'a ta ina zai san wanda ya dace? Yana ganin hoto a allon gefen titi, mutum ya sha hula yana murmushi da kare a gefensa. Bai taɓa shiga kurkukun da ƙarfe uku na dare ba. Waɗanda suka san halin ɗan takara a wurin aiki mu ne, ma'aikatan da muka yi dare da rana tare da shi. Shi ya sa goyon bayan abokin aiki yake da nauyi a wannan zaɓe fiye da na mawaƙi ko ɗan ƙwallo. Shaida ce kake bayarwa a kan abin da idonka ya gani. Kuma shi ya sa yake da tsada.

Tsadar ita ce aikinka. A North Carolina doka ta ba sherif shi kaɗai ikon ɗauka da korar ma'aikatan ofishinsa. Za ku ce ai Amurka ce, akwai 'yancin faɗin albarkacin baki. Akwai, amma ku ji yadda kotuna suka yanka shi. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Elrod da Burns. Richard Elrod ɗan Dimokurat ne da ya zama sherif a gundumar Cook, inda Chicago take, ya kori ma'aikatan da ke Rifablikan. Kotu ta ce ba a korar ƙaramin ma'aikacin gwamnati don jam'iyyarsa, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu muƙaman tsara manufofi. Ta wannan ƙofa aka shigo da mu. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da shiyyarmu ta yanke, a shari'ar Jenkins da Medford, cewa mataimakan sherif da aka rantsar a North Carolina tamkar inuwar sherif suke, da sunansa suke aiki, don haka yana iya sallamar wanda ya mara wa abokin hamayyarsa baya. A 2016 Kotun Ƙolin jiharmu ma ta bi wannan layi a shari'ar Young da Bailey. Mai gadin kurkuku zalla yana da ɗan sauƙi, domin a 2000 kotun ɗaukaka ƙarar ta ce shi ba ya cikin wannan rukuni. Ni kuwa na bar ɓangaren kurkuku tuntuni, rantsattsen mataimaki ne ni. Wanda ke kan kujera yana neman komawa. Idan ya ci, doka ba ta hana shi ya ce in ajiye bajo da makullin mota ba, kuma ba sai ya faɗi dalili ba.

Ku da kuke rayuwa a Facebook, ga wanda zai fi shafar ku. A 2009 sherif ɗin birnin Hampton a Virginia, B.J. Roberts, ya ci zaɓe, sannan ya ƙi sabunta aikin wasu ma'aikata shida. Ɗaya daga cikinsu, Daniel Carter, laifinsa shi ne ya danna layik a shafin abokin hamayyar maigidansa. Alƙalin farko ya ce danna maɓalli ɗaya bai kai a kira shi magana ba. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, layik magana ce, daidai take da kafa allon ɗan takara a ƙofar gidanka. An yi nasara, amma ku lissafa: shekara huɗu mutum na zirga-zirgar kotu kafin a ce masa yana da gaskiya a wannan gaɓa kaɗai. Akwai kuma Jeffrey Heffernan, ɗan sandan birnin Paterson a New Jersey, da aka rage wa muƙami a 2006 saboda an gan shi riƙe da allon wani ɗan takarar magajin gari. Mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya ce ta aike shi ya karɓo mata. Sai 2016 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Shekara goma.

Na san duk wannan kafin in buɗe baki. Mun zauna da maiɗakina mun yi lissafin kuɗin gida da inshorar lafiyar yara, mun ga wata nawa za mu iya ɗauka in albashi ya tsaya. Yawancin abokan aikina sun yi shiru, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Wani saura masa shekara biyu ya kai fansho.

To me na gani a wurin Laftanar da ya kai in ɗauki wannan kasada? Ba zan ce muku mutuniyar kirki ce ba, wannan kowa ana faɗa masa, har ɓarawo ranar jana'izarsa. Ƙa'idar jiharmu ta ce a leƙa kowane ɗan kurkuku aƙalla sau biyu cikin awa guda, wanda ake tsoron zai cutar da kansa kuma sau huɗu. Sanannen abu ne a wannan aiki cewa idan ma'aikata sun yi kaɗan, akan cike takarda a ce an zaga alhali ba a zaga ba. Ita takan zauna ta haɗa takardar da hoton kyamara, minti da minti. Ranar da ta kama wanda ya yi ƙarya, sai ya zamana amininta ne, wanda suka shiga aiki tare, suna zuwa gidajen juna. Ta rubuta shi kamar yadda za ta rubuta kowa. Ya yi wata shida ba ya gaishe ta.

Na biyu, azumi. Dokar tarayya ta 2000 ta kare haƙƙin addini na waɗanda ke tsare, kuma da ita Kotun Ƙoli ta ba wani fursuna Musulmi a Arkansas damar barin gemu a 2015. Amma doka a takarda daban, tiren abinci ya iso kafin alfijir daban. Kicin ɗin kurkuku yana da lokacinsa, ba ya sanin sahur. Ita ba Musulma ba ce. Ta kira ni ta ce in rubuto mata lokutan alfijir da faɗuwar rana na watan gaba ɗaya, ta je ta zauna da kamfanin da ke dafa abinci, aka sauya jadawali. Mutanen da abin ya shafa ba su kai goma ba, kuma ba ɗayansu da ke da wanda zai tsaya masa. Ba ta taɓa ambaton wannan a kamfe ba, ni ne nake faɗa.

Shaida ba ta cika sai da ɗaya gefen. Ba ta taɓa riƙe kasafin kuɗi mai girman na ofishin gaba ɗaya ba, kuma zama gaban majalisar gunduma ana ja-in-ja kan miliyoyin daloli wani fage ne daban. Ba ta iya jawabi ba, in ta hau mumbari kamar tana karanta rahoton hatsarin mota. Akwai kuma inda muka saba: tana son a ƙara jami'anmu a makarantu, ni kuma ina ganin kuɗin ya fi amfani a ɗauki ma'aikatan jinya na dare a kurkuku. Na faɗa mata, ta saurara, ba ta canza ra'ayi ba. Duk waɗannan na sa su a cikin takardar goyon bayan da na rubuta, kuma masu kula da kamfe ɗinta sun so in cire, na ce in an cire to a cire sunana ma.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, ai wannan shi ne matsalar: jami'an tsaro na ɗaure wa junansu gindi, gobe in ta ci ta saka maka da ƙarin girma. Haka ne, ana yi. Sabon sherif kan zo da mutanensa ya ɗora su a manyan kujeru, kuma tsarin da ya ba shi ikon korar masu adawa shi ne ya ba shi ikon saka wa magoya baya. Don haka idan kun ga jami'i na yabon ɗan takara, ku tambaya: sun yi aiki tare, ko a taron cin abinci suka haɗu? Ya kawo abu takamaimai da za a iya bincikawa? Me zai samu in an ci, me zai rasa in an faɗi? Wanda ke yabon maigidansa mai ci ba abin da ya saka a faranti. Ni na gaya mata a gaban mutane cewa ba na neman muƙami, kuma kuna da damar ku riƙe ni a kan wannan magana.

Akwai kuma iyakokin da ban tsallake ba. Ban sa kaki a hoton ba, ban tsaya gaban motar aiki ba, ban yi maganar a lokacin aiki ba, ban kuma nemi ko sisi daga ƙananan ma'aikatan da ke ƙarƙashina ba. Dokar Hatch ta 1939, wadda aka yi wa gyara a 2012, ta hana ma'aikacin jiha ko gunduma da aikinsa ke da alaƙa da kuɗin tarayya amfani da muƙaminsa wajen juya zaɓe ko matsa wa wani ya ba da gudummawa. Ko ba doka ma, mutumin da na tsayar a titi jiya bai kamata ya ji cewa tikitinsa na da alaƙa da allon da ke ƙofar gidansa ba.

'Yan'uwa da ke nan Amurka, ku kula da wannan sosai. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, kar ka kusanci rajistar zaɓe, ko da wani ya miƙo maka fom a wurin sabunta lasin tuƙi. Mai katin zama na dindindin ba ya ƙuri'a, kuma yin ta na iya jawo a kore shi daga ƙasar. Amma doka ta ba shi damar ba da gudummawar kuɗi ga ɗan takara. Ku kuma da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi da kuka ce za ku turo wani abu don ku taya ni, na gode ƙwarai, amma kar ku turo. Haramun ne a dokar Amurka ɗan wata ƙasa ya sa kuɗi a kowane irin zaɓe, har na gunduma, kuma ita za ku jefa cikin matsala.

Masu ƙuri'a kuma, ku tuna a gundumomi da yawa jam'iyya ɗaya ce ke da rinjaye, don haka a zaɓen fid da gwani ake gama magana, lokacin da mutane ƙalilan ke fitowa. A jiharmu wanda bai yi rajista da kowace jam'iyya ba yana iya zaɓar na jam'iyyar da zai shiga ya kaɗa. Sunan sherif yana can ƙasan takarda, bayan 'yan majalisa da alƙalai, sai kun duba da kyau, wani lokaci ma sai kun juya bayanta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan beli: yadda ake yanka shi, da abin da ya kamata ka yi a awa 24 na farko idan aka kama wani naka. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.